'Ya'yanmu da Aikin Otal: A Koya Musu Tukuna

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da muke so ƙungiyoyinmu na gama kai su sa a gaba kafin a zauna rabon ribar bana. Maganar 'ya'yanmu ce waɗanda suka jingine fartanya suka shiga garin Kaduna aikin otal. Duk mai zagaya ƙauyukan Kakau da Gonin Gora da Sabon Gayan ya saba jin an ce wance tana Barnawa tana gyaran ɗakuna, ko wane yana Sabon Tasha yana wanke kwanuka a gidan abinci, wani kuma yana Narayi yana kai wa baƙi abin sha. Yawancinsu sun tafi ba wanda ya koya musu kome game da aikin. Ra'ayinmu shi ne, aikin otal sana'a ce kamar kafinta ko ɗinki, sai an koya, kuma ya kamata ƙungiya ta ɗauki wani kashi na nauyin koyon yadda take ɗaukar nauyin taki da iri.

Ba ma ganin laifin yaran da suka tafi. Gari ya ci gonakin da ke bakin hanyar Abuja, an yanka su filoti-filoti an sayar. Gonakin da ke nesa kuwa tsoro ya hana zuwa. Mutanen wannan yanki ba su manta da ranar 31 ga Oktoba 2021 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka shiga majami'a a Kakau Daji ana cikin sujada suka kwashe mutane masu yawa. Saurayin da ya ga haka, in ya ce zai nemi abinci a cikin gari, wa zai hana shi? A dā masaƙun Kakuri ne suke ɗaukar irin waɗannan samari. Babbar masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, waɗansu kuma suka bi bayanta. Ƙofar da ta rage a buɗe ga yaron da ya gama sakandare ba shi da jari ita ce ta otal, da gidan abinci, da wuraren da ake haya domin biki.

Iyayenmu sun san wannan aiki ta wata fuska dabam. A zamanin Turawa, kuku mutum ne mai daraja a unguwa, gama ya yi shekaru yana koyo a ƙarƙashin wani kafin a bar masa murhu. Waɗansu dattawanmu a gidajen mishan suka koyi gasa burodi da guga da lissafin cefane, har suka koya wa 'ya'yansu. Daga baya aka gina manyan otal a Kaduna, irin su Hamdala tun zamanin Sardauna, da Durbar wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, aka rushe shi a 2020. A irin waɗannan manyan gidaje kowane sashe yana da shugabansa, sabon ma'aikaci kuma yana da wanda zai bi. Yau otal sun yi yawa a kudancin kogi, amma mafi yawansu ƙanana ne. Mai shi sau da yawa ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin da ya yi ritaya ya zuba kuɗin sallamarsa a gini, shi kansa bai taɓa koyon aikin ba. To, wa zai koya wa wa?

Ga yadda abin yakan kasance. Yarinya ta zo ta hannun wata 'yar'uwa, a ba ta riga, a ce ta bi wance ta ga yadda take yi. Wance ɗin kuwa ita ma wata uku ke nan da zuwanta. In faranti ya fashe a cire a albashi. In baƙo ya yi ƙorafi a kan ɗaki a cire a albashi. In tawul ya ɓace, haka. Ƙarshen wata abin da ya rage bai kai kuɗin mota da sabulu ba. Bayan 'yan watanni a sallame ta, ko ita ta gaji ta koma wani otal ta sake farawa daga ƙasa, ba ta da ko takarda guda mai nuna ta taɓa aiki. Shekara uku ta wuce, shekarunta sun ƙaru, hannunta bai ƙaru da kome ba, gonar gida kuma ta rasa mai taimako.

Waɗansu za su ce ai akwai doka. Akwai. A watan Yuli 2024 aka sa hannu a kan dokar da ta kai albashi mafi ƙanƙanta zuwa naira 70,000 a wata. Amma dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma ƙananan otal ɗin da yaranmu suke shiga da wuya su kai wannan adadi. Watau abin da zai ɗaga albashin yaro a irin wannan wuri shi ne iyawarsa, da takardar da ke shaida iyawar. Mai otal yana iya canja mai wanke kwano kowane mako. Kukun da baƙi suke dawowa saboda miyarsa, sai mai gida ya yi tunani sau biyu kafin ya ɓata masa rai.

Mun sha jin dattijo ya yi dariya ya ce, mene ne abin koyo a shara da dafa shinkafa, ai tun tana ƙarama take yi a gida. Bari mu tsaya a nan kaɗan, gama nan ne tushen kuskuren. Tuwon gida ana tuƙa shi a cinye shi da zafinsa. Abincin otal kuwa a dafa da safe, wani ya ci da rana, wani da dare, a tsakani wuta ta ɗauke sau biyu, mai gida kuma yana jin ƙyashin tayar da janareto. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili. Ko dai ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko ya shiga firji ƙasa da digiri 5, gama a tsakanin nan ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, abincin kuwa bai canja wari ba balle a gane. Wuƙa da katakon da aka yanka ɗanyar kaza a kai, in aka yanka kabeji da tumatir da su ba a wanke da sabulu ba, an zuba cutar kaza a cikin abin da ba za a dafa ba. A firji ɗanyen nama ƙasa yake zama, dafaffen abinci a sama, domin kada jini ya ɗiga. Mai gudawa ba ya taɓa abincin mutane sai ya warke. Taifot da amai da gudawa ta hannun mutum ɗaya da ya fito bayan gida bai wanke hannu ba suke iya kama taron biki duka. Mu manoma mun san wannan darasi a wani wuri: buhun masara guda mai danshi shi ke ɓata rumbu.

Sa'an nan ga gas. Yaran ƙauye da itace suka saba, da gawayi. Tukunyar gas wani abu ne dabam. In an ji wari, ba a kunna ashana, ba a taɓa makunnin lantarki, sai a rufe kan tukunyar a buɗe ƙofa da taga. Ana gane inda yake yoyo da ruwan kumfa. In mai ya kama wuta a kasko ba a watsa masa ruwa, sai a kashe murhu a rufe shi da murfi. Wanda ya tuna fashewar gas da ta hallaka mutane a Sabon Tasha a watan Janairu 2020, ko da yake a shagon sayar da gas ne abin ya faru, ya san ba wasa ba ne. Mai gyaran ɗaki ma tana da nata haɗari. Ruwan wanke farin kaya, irin su Jik da Hypo, in aka gauraya shi da maganin wanke masai, yakan tayar da iska mai ƙona huhu, ban-ɗakin otal kuwa ƙarami ne, sau da yawa ba taga. Waɗannan abubuwa duka rana ɗaya ta isa a koya su. Amma sai an sami wanda ya sani ya tsaya ya koyar.

Akwai kuma sashen lissafi, wanda mu a ganinmu shi ne ya fi kusa da abin da ƙungiyoyinmu suka iya. Mai kula da sito yana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, yana fitar da tsohon kaya kafin sabo, ya san mudu nawa na shinkafa ke ba da faranti nawa. Wannan ba shi da bambanci da littafin magatakardan ƙungiya a lokacin rabon taki. Yaron da ya taimaki mahaifinsa riƙe littafin ƙungiya ya riga ya yi rabin hanya. Karɓar baƙi kuwa, Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan an koya wa yaranmu tun a gida. Abin da ba a koya musu ba shi ne rubuta rajista da rasit, da amsa waya, da yadda za a ba mai fushi haƙuri ba tare da an durƙusa masa ba, da kuma yadda yarinya za ta ce a'a ga baƙon da ya wuce gona da iri, da wanda za ta kai wa ƙara.

Wuraren koyo ba su yi mana nisa ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda kowa ya sani da Kadpoli, tana da sashen koyon dafa abinci da sarrafa otal, inda ake yin ƙaramar difloma shekara 2, a fita aiki shekara guda, a dawo babbar difloma shekara 2. Wannan na mai kiredit 5 ne wanda ya ci jarrabawar JAMB. Akwai makarantar gwamnatin tarayya ta koyon aikin otal da yawon buɗe ido, NIHOTOUR, wadda ta soma a ƙarshen shekarun 1980 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da reshe a Bagauda ta jihar Kano, tana kuma ba da gajerun kwasa-kwasai. Hukumar NABTEB tana shirya jarrabawar sana'ar dafa abinci. Hukumar NBTE kuwa, mai kula da makarantun fasaha, wadda hedkwatarta ke nan cikin Kaduna tun 1977, tana da tsarin da ake gwada mutum a kan abin da hannunsa ya iya, a ba shi takarda mataki-mataki. Wannan na ƙarshe shi ya fi dacewa da yaron da ya riga ya yi shekara biyu a kicin ba takarda. Kuɗin makaranta yana canjawa kowace shekara, saboda haka sai magatakarda ya je da ƙafarsa ya tambayo, kada a dogara ga ji-ta-ji-ta.

Yanzu sai maganar da dattawan ikkilisiya suke yi, kuma ba mu raina ta ba. Suna cewa otal gidan giya ne da lalata, ƙungiyar masu bi ba ta da dalilin zuba kuɗinta a can. Gaskiya ne akwai wuraren da sunan otal kawai suke ɗauke da shi, kuma ba za mu so ɗan kowa ya kwana a can ba. Amma mu duba da kyau, wace yarinya ce ta fi shiga haɗari? Ita ce wadda ba ta iya kome ba, ba ta da takarda, albashinta bai isa ba, tana kwana a bayan mashaya domin ba ta da kuɗin haya, kuma ba wanda ya san inda take. Wadda ta iya aiki tana da zaɓi. In wuri ya ɓaci ta ɗauki takardarta ta nemi kicin na asibiti, ko makarantar kwana, ko masaukin baƙi na ikkilisiya, ko ta kafa nata teburin abinci. Yin shiru bai hana yaran tafiya ba, sun riga sun tafi. Abin da shirunmu ya yi shi ne ya bar su su kaɗai. A kula kuma da masu zuwa ƙauye da daɗin baki, suna cewa akwai aikin otal a Legas ko a ƙasar waje, ba a san sunan otal ɗin ba balle mai shi. Da irin wannan alkawari masu fataucin mutane suke kwasar 'yan mata, shi ya sa gwamnati ta kafa hukumar NAPTIP a 2003. Yaron da bai kai shekara 18 ba, a ganinmu kada a bar shi aikin dare ko aikin mashaya ko nawa ne za a biya.

Masu otal su ma suna da tasu hujja. Sukan ce, in na kashe kuɗi na koya wa yaro, da ya iya sai ya gudu wurin maƙwabcina saboda ƙarin naira dubu biyar. Wannan yana faruwa. Amma wanda bai koyar ba shi ma yana biya, sai dai ba ya gani a littafi: naman da ya ruɓe, man da aka ƙona, baƙon da ya tarar da kuɗin cizo a katifa bai sake dawowa ba, ya kuma gaya wa mutum goma. Ƙasashe sun daɗe da gane cewa mai otal guda ba zai ɗauki wannan nauyi shi kaɗai ba. A Kenya an buɗe kwalejin Utalii a Nairobi a 1975, aka riƙa ɗaukar nauyinta da harajin kashi 2 cikin 100 da ake ɗorawa a kan kuɗin da baƙi suke biya a otal da gidajen abinci, domin kowa ya zuba, kowa ya sami ma'aikata. A nan Nijeriya akwai asusun horar da ma'aikata, ITF, wanda aka kafa a 1971, hedkwatarsa a Jos. Kamfani mai ma'aikata da yawa yana biyan kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara, in kuwa ya nuna ya horar da mutanensa yadda aka tsara, ana iya mayar masa da har rabin abin da ya biya. Manyan otal ke cin wannan moriya. Ƙananan da ke unguwanninmu ba su cikin lissafin, saboda haka in ba mu tashi ba, ba mai tashi.

Abin da muke ba da shawara bai fi ƙarfinmu ba. Ƙungiyar da take ba mamba bashin taki ya biya da kaka tana iya ba ɗan mamba bashin kwas na 'yan watanni ya biya daga albashi kaɗan-kaɗan, mahaifinsa ya tsaya masa. A soma da yaro ɗaya ko biyu a shekara, a ga yadda biyan zai tafi. Wanda ya koyo, sharaɗi ne ya ba da Asabar biyu ko uku ya koya wa na baya a ɗakin taro. Muna kuma da makaranta a hannu da ba mu lura da ita ba: zumuntar mata suna dafa wa ɗaruruwan mutane a lokacin babban taro, kuma a kusan kowace gunduma akwai tsohon kuku ko wata uwa da ta yi ritaya daga kicin na makaranta ko na asibiti. A gayyace su, a ba su ɗan abin sabulu, su nuna wa matasa wanke hannu da riƙon wuƙa da shimfiɗa gado da kashe wutar mai.

Kada kuma yaro ya kama aiki da baki kawai. Dokar ƙwadago ta ce cikin wata 3 da fara aiki mai gida ya ba ma'aikaci takarda mai nuna irin aikin, da albashi, da lokutan aiki, da hutu, da yadda za a rabu. Yaro shi kaɗai yana jin nauyin tambaya. Amma in mutum biyu daga ƙungiya, dattijo guda da uwa guda, suka je suka gaida mai otal cikin ladabi, suka ce ga ɗiyarmu mun kawo amana, muna so mu san inda za ta kwana, da abin da za a koya mata, da ranar hutunta domin ta sami zuwa sujada, kuma in za ta tashi a ba ta takardar shaida, magana takan canja. Mai gidan kirki zai yi murna, gama ya sami wanda zai kira in yarinyar ta yi laifi. Wanda ya ƙi, ya riga ya ba mu amsa.

Akwai ribar da za ta dawo gona kai tsaye, kuma ita ce za ta gamsar da ma'aji. Otal mai saye ne na kowace rana. A ce otal mai ɗaki 20 ya cika, kowane baƙo ya ci ƙwai 2 da safe, ƙwai 40 ke nan a rana, sama da kiret 9 a mako, aikin kaji wajen 60. Ga kajin nama, ga tumatir da attarugu da alayyafo na fadama, ga doya, ga kifin tafki. Yanzu yawancin wannan ciniki a kasuwa ake yin sa, dillali ya ci nasa a tsakani, alhali kuwa Kakau tana bakin kwalta, kaya suna iya isa Barnawa kafin rana ta yi zafi. Abin da ke hana otal saye daga manomi shi ne rashin tabbaci: yau an kawo, gobe an tafi jana'iza, wannan mako ƙwai manya, mako mai zuwa ƙanana da kashi a jiki. Yaronmu da ya koyi aikin sito shi ne zai gaya mana nauyin kazar da kuku yake so, da ranar da ake biya, da yadda ake rubuta takardar kaya. Mai wanke kwano ba a tambayarsa inda za a sayi ƙwai. Mai kula da sito ana tambayarsa. Sai dai a yi hattara da bashi, gama waɗansu otal sukan karɓi kaya su ce sai ƙarshen wata, kaji kuwa kullum suke cin dusa. A rubuta ranar biya tun farko, kuma kada ƙungiya ta zuba ƙwanta duka a otal guda.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan girbi, da Kirsimeti ta matso, otal da wuraren biki sukan nemi ƙarin hannu, a lokacin ne kuma yara suke kwarara cikin gari. Muna roƙon kowane magatakarda, kafin taron wata mai zuwa, ya bi gida-gida ya rubuta sunayen 'ya'yan mambobi da ke wannan aiki, da inda suke, da sashen da suke, da shekarun da suka yi, da ko suna da takarda. Ya rubuta kuma waɗanda suke shirin tafiya bana. A kawo littafin taron gunduma, a zaɓi mutum biyu masu zuwa Kadpoli da ofishin NBTE su jiyo kuɗi da sharuɗɗa, ma'aji kuma ya zo da lissafin abin da asusu zai iya ɗauka.